Farar Mikiyar Poland: Kirarin Marubuta da Hakkin Tsuntsuwar Daji

A watan Nuwamba na 2011 hukumar ƙwallon ƙafa ta Poland ta fito da sabuwar rigar 'yan wasan ƙasa, ana ta shirin gasar cin kofin Turai ta 2012 wadda ƙasar za ta karɓi baƙuncinta tare da Yukren. Rigar ba ta da laifi ta fuskar ɗinki, amma an cire farar mikiyar tambarin ƙasa da aka saba gani a ƙirjin ɗan wasa, an sa tambarin hukumar a gurbinta. Nan da nan ƙasa ta ɗauki zafi. Magoya baya suka yi ca, 'yan majalisa suka sa baki, har shugaban ƙasa ya nemi a yi bayani. Cikin 'yan makonni hukumar ta ba da kai, mikiya ta koma ƙirji.

Wanda ya ga wannan rigima zai ɗauka cewa dazuzzukan Poland cike suke da fararen mikiyoyi. Babu ko ɗaya. Farar mikiya mai kambin zinariya a kan jan fili tsuntsuwa ce da aka ƙyanƙyashe da tawada, marubuta da masu zanen hatimi suka yi renonta fiye da shekara 700. Tana da 'yar'uwa mai jini da tsoka, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ke kamun kifi a tafkuna tana cin mushe da hunturu, kuma tarihin su biyun bai tafi tare ba. Lokacin da ta takarda ke shan kirari, ta dajin harsashi take sha. Ra'ayin wannan shafi shi ne cewa 'yan Poland ba su cika alkawarin da ke cikin tambarinsu ba sai ranar da suka ajiye kirari suka je suka tsare sheƙa, kuma mutanen da suka koya musu duban tsuntsuwar da ido sun fi maroƙan fada cancantar a tuna da su.

Labarin da kowane yaro ke ji a makaranta ya fara da 'yan'uwa uku, Lech da Czech da Rus, waɗanda suka rabu kowa ya nufi inda zai kafa ƙasarsa. Lech ya isa wani wuri mai tuddai da tafkuna, ya ga sheƙar mikiya a kan dogon itace, ya ce a nan za a zauna. Aka sa wa garin suna Gniezno, daga kalmar gniazdo, wato sheƙa a harshensu. Tsohon littafin tarihin lardin Wielkopolska, wanda aka rubuta da Latin wajen ƙarshen ƙarni na 13 zuwa na 14, ya kawo labarin 'yan'uwan da zancen sheƙa. Marubutan baya ne suka yi ta ƙara masa gishiri, har aka kai ga hoton da ake zanawa yau na farar tsuntsuwa ta buɗe fukafukai jan hasken faɗuwar rana na bayanta. Duk wanda ya san yadda labarin Bayajida da rijiyar Kusugu ke ƙara ƙiba daga baki zuwa baki ba zai yi mamaki ba.

Abin da ƙasa ta adana ya fi labarin ƙanƙanta, amma ya fi shi daɗin nazari. Akwai wani ɗan kuɗin azurfa da aka buga wajen shekarar 1000, zamanin Boleslaw Jarumi, ɗauke da hoton tsuntsu. Har gobe masana ba su daidaita ba: wasu sun ce mikiya ce, wasu sun ce ɗawisu, wasu zakara, wasu kurciya. Tabbas ya zo ne a 1295. Tun 1138 ƙasar ta dare gida-gida tsakanin 'ya'yan sarauta, an kuma yi sama da shekara 200 ba a naɗa sarki mai kambi ba. A ranar 26 ga Yuni na 1295 aka naɗa Przemysl na Biyu a majami'ar Gniezno, ya sa aka sassaƙa mikiya mai kambi a babban hatiminsa, tare da rubutun da ke nuna cewa Ubangiji ya mayar wa 'yan Poland tutocinsu na nasara. Bai cika shekara a kan karaga ba aka kashe shi, a farkon 1296. Tsuntsuwar ta fi shi tsawon rai. Wladyslaw Lokietek, wanda aka naɗa a Krakow a 1320, ya ɗauke ta, daga nan ta tashi daga alamar gida ɗaya ta zama ta ƙasa baki ɗaya.

Jan Dlugosz, malamin coci kuma babban marubucin tarihin ƙasar a ƙarni na 15, shi ya bar wa al'ummarsa hoton da ya fi kama zuciya. Mahaifinsa ya yi yaƙin Grunwald na ranar 15 ga Yuli 1410, inda Poland da Lituwaniya suka kara da rundunar mayaƙan Teuton ta Jamusawa. Dlugosz ya ba da labarin yadda babbar tuta mai farar mikiya ta faɗi ƙasa a tsakiyar gumurzu, abokan gaba suka ɗauka an gama, sai zaratan mayaƙa suka yi kukan kura suka ɗaga ta. Daga wannan rana faɗuwar mikiya da tashinta suka zama yadda 'yan Poland ke ba da labarin kansu.

To amma halayen da aka jingina wa tsuntsuwar ba a dajin Poland aka gano su ba. Aro aka yi, kuma aron ya yi nisa. Aristotal na Girka ya rubuta cewa mikiyar teku takan tilasta wa 'ya'yanta kallon ƙwayar rana tun ba su yi gashi ba, wanda idonsa ya fara zubar da hawaye sai ta kashe shi. Pliny na Rum ya maimaita, ya ce takan jefo shi daga sheƙa a matsayin shege. Wannan labari ya bi makarantun Latin ya shiga Krakow, kuma da ya iso sai ya tarar da masu jiransa. Poland ta ƙarni na 16 ƙasa ce ta masu asali, wato ajin da ake kira szlachta, waɗanda ke zaɓen sarki da kansu suna kuma tinƙaho da tambarin gidajensu. Me ya fi musu daɗin ji irin a ce ɗan halak shi ne mai iya kallon rana bai ƙifta ba? Ranar a wurin mai wa'azi ita ce Ubangiji, a wurin mawaƙin fada ita ce sarki, a wurin uba mai faɗa wa ɗansa ita ce martabar kakanni. Masu ɗab'i sukan buga hoton tambari a farkon littafi su sa 'yan baitoci a ƙarƙashinsa, kuma a zamanin Sarki Zygmunt na Farko har harafin farko na sunansa aka naɗe a jikin mikiyar, kamar a ce sarki da tsuntsuwa abu ɗaya ne. Bartosz Paprocki, da ya tattara tamburan manyan gidaje a 1578, bai wahalar da kansa wajen neman suna ba, ya kira littafin Sheƙar Nagarta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma labarin Girkawa da ya kwana biyu a bakin kogin Wisla sai ya koma kukan masu asalin Poland.

Labari na biyu ya fi na farko yaɗuwa. Wani tsohon littafin Kiristoci mai suna Physiologus, wanda aka rubuta da Girkanci a farkon ƙarnonin Miladiyya, ya ce idan mikiya ta tsufa idonta ya dushe fukafukanta suka yi nauyi, sai ta tashi sama har zafin rana ya ƙone tsohon gashin, sannan ta faɗa cikin maɓuɓɓugar ruwa sau uku ta fito sabuwa. Waliyyi Agustin ya kawo wani reshen labarin, na bakin da ya yi tsawo ya lanƙwashe har ta kasa cin abinci, sai ta fasa shi a jikin dutse. Duka biyun ƙoƙari ne na fassara wata aya ta Zabura ta 103 da ke maganar sabunta ƙuruciya irin ta mikiya, kuma 'yan Poland sun rera wannan Zabura a harshensu cikin fassarar Jan Kochanowski ta 1579, wadda Katolika da Furotesta duka suka runguma.

Mai karatu zai iya gane wannan labari, domin bai mutu ba. Shi ne dai ke yawo a WhatsApp da Facebook, har da Hausa, cewa mikiya in ta kai shekara 40 takan hau dutse ta karya bakinta, ta fige faratanta da gashinta, ta ƙara shekara 30. Ba gaskiya ba ne. Tsuntsun da ya karya bakinsa yunwa za ta kashe shi, mikiya kuma takan sauya gashinta ne sannu a hankali ba tare da ta daina tashi ba. Wanda ke son ƙarfafa wa matasa gwiwa yana da misalai na gaskiya da yawa, bai kamata ya jingina nasiha mai kyau da ƙarya ba.

Littattafan ilimin halitta na wancan zamani ba su tsira daga aron ba. Littafin magunguna na Stefan Falimirz, da aka buga a Krakow a 1534, bayan ganyaye ya taɓo tsuntsaye da kifaye da duwatsu, mafi yawansa kwafi ne daga littattafan Latin. A duniyar irin waɗannan littattafai ne ake maganar dutsen mikiya, wani dutse mai rami da ƙaramin dutse ke kaɗawa a cikinsa, wanda aka ce a sheƙa ake samunsa, a ɗaura wa mai ciki a hannu don kada ta yi ɓari, a mayar da shi cinya in naƙuda ta zo. Jan Jonston, likita ɗan asalin Sikotlan da aka haifa a Szamotuly a 1603, ya fitar da babban littafinsa na tsuntsaye a 1650 da zane-zane masu ban sha'awa daga gidan ɗab'in Merian. An yi ta sake buga shi fiye da shekara ɗari. Amma a cikin shafukansa, kusa da tsuntsayen gaske, akwai hoton tsuntsun da ke ƙonewa ya tashi daga toka da dabbar nan mai kan mikiya da jikin zaki. Benedykt Chmielowski, limamin coci da ya wallafa kundin sani na farko a harshen Poland a 1745 zuwa 1746, har dodanni masu fukafukai ya ba wa wuri. Waɗannan mutane masu ƙwazo ne, sun karanta duk abin da hannunsu ya kai. Aibinsu ɗaya: sun fi yarda da abin da magabata suka rubuta a kan abin da ke shawagi a saman rufinsu.

Shi ya sa Mateusz Cyganski ya cancanci a tsaya a kansa. Ba shehin Latin ba ne, maharbin tsuntsaye ne, mutumin tarko da raga da danƙo. A 1584 aka buga ɗan littafinsa kan farautar tsuntsaye, ya kawo nau'i sama da ɗari da sunayen da mutanen karkara ke kiransu, da inda suke kwana da abin da suke ci da lokacin zuwansu. Niyyarsa kamu ce, ba kariya ba, wannan gaskiya ne. Amma mai kafa tarko ba ya iya rayuwa da tatsuniya, domin in ya yi kuskuren halin tsuntsu da yunwa zai kwana. Gani ya kori ji. Bayan shekara kusan 200 Krzysztof Kluk, limamin cocin ƙaramin garin Ciechanowiec, ya ɗora a kan wannan hanya. Tsakanin 1779 da 1780 ya fitar da littafin dabbobin gida da na daji a harshen da manomi zai gane, ya bi tsarin Linnaeus na rarraba halittu, ya kuma rubuta wa makarantun Hukumar Ilimi ta Ƙasa da aka kafa a 1773.

A shekarar 1779 ɗin nan ne Ignacy Krasicki, bishop kuma mawaƙi, ya saki tatsuniyoyinsa, a ciki har da ta mikiya da shaho. Mikiya ta ga farautar ƙananan tsuntsaye ƙasƙanci ne gare ta, ta wakilta shaho ya riƙa kawo mata. Ta ci ta ji daɗi, kwaɗayi ya ƙaru, ƙarshe ta haɗa da shahon. Shekara bakwai ke nan da maƙwabta suka fara yanka ƙasar, kuma mai karatu na lokacin bai buƙatar a fassara masa. Krasicki ya tuna wa mutanensa abin da kirari ya ɓoye, cewa sarauniyar tsuntsaye da nama take rayuwa.

Akwai abin ban sha'awa game da labarin jefo ɗa daga sheƙa, domin ƙarƙashinsa akwai ƙwayar gaskiya. Wata ƙaramar mikiya da ke da yawa a gabashin Poland, wadda suke kira orlik krzykliwy, takan yi ƙwai biyu, amma kusan kullum ɗa ɗaya ke tashi. Wanda ya riga ƙyanƙyashewa da 'yan kwanaki shi ke saran ƙaninsa yana hana shi abinci har ya mutu, uwa kuma ba ta shiga tsakani. Masana sun sa wa wannan hali sunan Ƙabila ɗan Annabi Adamu. Mai yiwuwa mutanen dā sun leƙa sheƙa sun ga biyu, sun dawo sun ga ɗaya, suka ƙirƙiro jarrabawar rana don cike gurbin abin da ba su gani ba. Ita wannan tsuntsuwa duk kaka takan bar Poland, ta bi ta Turkiyya da Gabas ta Tsakiya da kwarin Nilu, ta yi hunturu a kudancin Afirka.

Adalci ya wajaba a nan: mikiyar takarda ta yi aikin da ta dajin ba za ta iya ba. A 1772 da 1793 da 1795 Rasha da Prusiya da Ostiriya suka raba Poland har ta ɓace daga taswira, kuma dukansu uku baƙar mikiya ce a tambarinsu. Shekara 123 babu ƙasa, babu sarki, babu runduna ta dindindin. Abin da ya rage shi ne harshe da coci da farar tsuntsuwa, wadda mata ke ɗinkawa a ɓoye, ake zana ta cikin sarƙa ko tana tashi daga kabari. A nan tsohuwar tatsuniyar sabunta ƙuruciya ta sami ma'anar da mai Physiologus bai taɓa mafarki ba. A 1900 Wladyslaw Belza ya rubuta 'yar waƙar tambaya da amsa da ke koya wa yaro cewa alamarsa ita ce farar mikiya, kuma har yau yara na haddace ta. Ƙasar ta dawo a 1918. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin kwaminis ta cire wa mikiyar kambi, a ƙarshen Disamba na 1989 majalisa ta mayar mata da shi. Wanda ya raina alama bai san abin da take riƙewa ba a ranar da komai ya kuɓuce.

Sai dai a cikin wannan ƙarni na 19 da ake kuka da hawaye saboda farar mikiya, ana bin 'yar'uwarta ta daji da bindiga. A faɗin tsakiyar Turai an ɗauki duk tsuntsu mai lanƙwasasshen baki a matsayin ɓarawon kaji da kifi da zomaye, ana biyan lada ga wanda ya kawo faratansa, ana sare itatuwan sheƙa, masu tara ƙwai suna kwashe sauran. Wladyslaw Taczanowski, masanin tsuntsaye na gidan adana halittu na Warsaw, ya fitar da littafi a 1860 yana nuna wa masu gonaki cewa yawancin tsuntsayen nan amfaninsu ya fi ɓarnarsu, tunda su ke rage ɓeraye. Ba a saurare shi da wuri ba. Zuwa farkon ƙarni na 20 babbar mikiyar ruwa ta kusa ƙarewa a ƙasar, daga baya kuma maganin ƙwari na DDT ya zo ya sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwa.

Ita wannan mikiyar ruwa, wadda suke kira bielik, ita ce mafi yawan 'yan Poland ke ɗauka a matsayin tsuntsuwar tambari. Faɗin fukafukanta kan kusa mita biyu da rabi, bakinta rawaya ne, ƙafafunta ba gashi a ƙasa, wutsiyarta kuma sai ta kai wajen shekara biyar take yin fari fat. Takan yi shekaru tana ƙara itace a sheƙa ɗaya har nauyinta ya kai ɗaruruwan kilo. Wasu masana sun ce a'a, mikiyar duwatsu mai ruwan zinariya a ƙeya ita ce ta ainihi, bielik ma a tsarin ilimi ba ta cikin zuriyar mikiyoyin asali. Gardama ce da ba za ta ƙare ba, domin mai zanen hatimi na 1295 ba hoton wani nau'i yake ɗauka ba. Ko a Hausa akwai irin wannan: tsofaffin ƙamusoshi sun fassara mikiya da wata babbar ungulu, suka bar gaggafa ga mai farauta, amma bakin jama'a ya riga ya zaɓa. Abin lura shi ne sunan ilimi na zuriyar bielik, Haliaeetus, shi ne sunan da Aristotal ya kira mikiyar tekun da ya ce tana jarraba 'ya'yanta da rana.

Gyaran ya zo ne daga mutanen da ba su da kirari a baki. A 1981 masana tsuntsaye da masu sha'awa suka kafa Kwamitin Kare Mikiyoyi, suka shiga daji suna ƙirga sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1984 doka ta fara aiki da ta keɓe da'ira kewaye da kowace sheƙa: mita 200 da ba a sare itace ko a taɓa komai duk shekara, da mita 500 da ake hana hayaniya lokacin kwanci da reno. Dabarar ba ta da tsada, abin da take buƙata shi ne ma'aikacin gandun daji ya yarda ya bar wasu tsofaffin itatuwa masu kuɗi a tsaye. Aka bar su. Yau Poland na da bielik sama da ma'aurata 1,000, tana cikin ƙasashen Turai da suka fi yawansu, har a gefen manyan birane ana ganinsu.

Aikin bai ƙare ba. Mikiyar duwatsu ba ta wuce ma'aurata wajen 30 ba, kusan duka a tsaunukan Karpat. Babbar 'yar'uwar orlik ta fadamun Biebrza ba ta kai ma'aurata 20 ba, kuma busar da fadama na cinye wurin zamanta. Har yanzu ana tsintar gawar bielik da ta ci mushen da aka sa wa guba don dila, ko ta haɗiyi dalmar harsashi a cikin naman da maharba suka bari. Al'ummar da ta tayar da ƙura saboda mikiyar riga ya kamata ta tayar da irinta duk ranar da aka tsinci irin wannan gawa.

Nijeriya ma jar mikiya ce ke tsaye a saman tambarinta, sunanta ne kuma 'yan wasan ƙasa ke ɗauke da shi, Gana tana da biyu a nata tambarin. A bakin Kogin Kwara da Tafkin Chadi akwai mikiyar kifi mai farin kai, dangin bielik ta kusa. Ungulun da dā ke cika mahautan Kano da Katsina yanzu sai an yi sa'a ake ganinta, kuma tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da cinikin sassan jikinta don magani. Hukumomin gandun daji da sarakunan gargajiya da sarakunan pawa suna da ikon yin abin da Poland ta yi a 1984: a gano itatuwan da manyan tsuntsayen nan ke sheƙa, a hana sare su, a kuma hana sayar da kawunansu a kasuwa.